An saye asibitocin unguwarmu, kuɗin magani ya tashi: ina zan kai mahaifiyata?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Likita. Ni 'yar kasuwa ce a Garwa, kuma ni ke riƙe da mahaifiyata da ke fama da ciwon suga da hawan jini. Kilinik biyu ne kusa da mu. Da can in wannan ya tsawwala sai mu koma wancan. Bara wani mai kuɗi ya saye su duka biyun, ya haɗa har da labon gwaje-gwaje da ke bakin titi. Aka yi fenti, aka sa tayil, aka ce tunda an haɗe komai zai yi sauƙi. Kuɗin ganin likita dai bai wani ƙaru ba, amma yanzu duk zuwan da muka yi sai an rubuta gwaji biyar ko shida, sai a ce akwai tayifod, sai a kwantar da ita a ƙara mata ruwa. Abin da nake kashewa a wata ya kusa ninkawa. Yayana ya ce araha ba ta ado, tsadar ce alamar sun san aiki, kada rowa ta sa in kai ta asibitin gwamnati ko na mishan in kashe tsohuwa. Likita, jarina yana karyewa, kuma ina tsoron alhakinta. Me ke kawo wannan tsadar, kuma ina zan nufa da ita?

Wata 'yar'uwa daga Garwa

AMSA

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya ba Inna lafiya, ya saka miki da alheri kan ɗawainiyar da kike yi. Ki fara cire maganar alhakin nan daga ranki. Tambayar inda kuɗinki ke tafiya ba rowa ba ce, kuma ranar da jarin ya karye ba mai kilinik ne zai ci gaba da saya mata magani ba.

Abin da ya faru a unguwarku an sha ganinsa a wasu ƙasashe, har an auna shi. Amurka ta fi kowa lissafi a kan wannan, domin a can kowane asibiti shi ke ciniki da kamfanonin inshora kan farashinsa. Zack Cooper na Jami'ar Yale da abokan aikinsa sun fitar da wani babban bincike a 2019. Sun gano cewa asibitin da ba shi da kishiya a yankinsa, farashinsa ya ɗara na wanda ke zagaye da kishiyoyi huɗu ko fiye da kusan kashi 12 cikin 100. In kuma asibitoci biyu da tsakaninsu bai wuce kilomita 8 ba suka haɗe, farashi kan tashi da sama da kashi 6 cikin 100. Alkawarin da ake yi kafin haɗewar kullum irin wanda aka yi muku ne: za mu sayi magani a sari, akanta ɗaya zai ishe mu, janareto ɗaya, kuɗi zai ragu. Wani lokaci kuɗin da asibitin ke kashewa yana raguwa da gaske. Sai dai ragin a aljihun mai asibiti yake tsayawa, tunda babu sauran wurin da za ki gudu ki je. Ingancin ma da ake fakewa da shi, a 2020 an bi diddigin asibitoci 246 da aka saye a Amurka, ba a ga mace-mace sun ragu ba, marasa lafiya kuma suka ce kulawar ta ɗan ja baya.

Ko a Afirka akwai inda ake ɗaukar maganar da muhimmanci. A Afirka ta Kudu kamfanoni uku, Netcare da Mediclinic da Life Healthcare, su ke riƙe da sama da kashi 80 cikin 100 na gadajen asibitocin kuɗi. Da Mediclinic ya so ya saye wasu asibitoci a garin Klerksdorp hukumar gasa ta ƙi, aka yi ta shari'a har kotun tsarin mulki, ita kuma a 2021 ta tabbatar da hanin, saboda marasa inshora ne tsadar za ta fi faɗa wa. Mu ma a Kamaru muna da dokar gasa tun 1998, amma haɗewar manyan kamfanoni ta fi sa wa ido. Cinikin kilinik biyu a lungun Garwa bai kai ya tayar da kowa daga kujerarsa a Yawunde ba. Ga shi kuwa mu ne muka fi buƙatar mai tsaya mana: kusan kashi 70 cikin 100 na kuɗin lafiya a ƙasar nan daga aljihun marar lafiya yake fitowa kai tsaye. Ba kamfanin inshorar da zai zauna ya taya miki farashi. Ke kaɗai ce a bakin kes, wurin biyan kuɗi, da tsohuwa a kwance.

A wasiƙarki ba haɗewar kilinik biyun ce ta fi tayar mini da hankali ba, labon ne. Kin lura da kanki cewa kuɗin ganin likita bai ƙaru ba. Ba zai ƙaru ba, don shi ne aka liƙa a bango, shi kowa ke kwatantawa da na wani wuri. Ribar tana cikin odonas, wato takardar da likita ke rubuta magani da gwaji. Idan mai rubuta gwajin, da mai yin gwajin, da mai sayar da maganin, da mai gadon da za a kwanta duk aljihu ɗaya suke zuba wa, kowane layi da aka ƙara a takardar kuɗi ne. Dokar aikinmu ta haramta wa likita ya karɓi kamasho a kan marar lafiyar da ya tura labo ko farmasi. To in labon na gidan ne fa? Ba sai an ba kowa kamasho ba, ya isa a ce wa yaron likitan da aka ɗauka aiki albashinsa ya danganta da abin da ya shigo a wata.

Yanzu bari in zo kan maganar Yaya, kuma ki yi haƙuri zan daɗe a kanta, don ba ranar da za ta fito ta faɗi ban ji irinta ba. Araha ba ta ado, gaskiya ne a kasuwar atamfa, inda za ki taɓa ki murza ki san abin da kika saya. A asibiti ba ki da yadda za ki murza. Ba ki san ko gwajin nan ana buƙatarsa ba, ba ki san ko ruwan nan ya dace ba, wanda zai gaya miki kuma shi ne mai sayarwa. Saboda haka mutanenmu suka koma auna likita da abin da ido ke gani: tsawon odonas, yawan allura, leda nawa aka rataya. Likitan da ya zauna ya saurari tsohuwa, ya auna jininta, ya duba ƙafarta, ya ce ta ci gaba da ƙwayoyi biyun nan ta dawo bayan wata, sai a fito ana cewa bai yi komai ba, ko ruwa bai sa mata ba. Wanda ya kwantar da ita ya ɗaura leda uku shi ne gwani. Masu kilinik sun san wannan sarai, kuma abin da kuke yabo shi suke sayar muku.

Ki san abin da ke cikin ledar nan. Ruwan gishiri da aka fi ratayawa yana da giram 9 na gishiri a kowace lita. Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi kada mai lafiya ma ya wuce giram 5 a yini. Ke nan ledar rabin lita guda ta kusa cika wa Inna gishirin yini ɗaya, a jijiya, alhali a gida kin hana ta dunƙule kin rage mata gishiri a miya. In kuma ruwan suga ne mai kashi 5, rabin lita giram 25 ne na sukari, kamar ƙwaya huɗu zuwa biyar na sukarin kwali, ga mai ciwon suga. Zuciyar da hawan jini ya gajiyar, in aka cika mata ruwa, ruwan huhu yake komawa. Na sha karɓar tsofaffi da dare numfashi na sarƙewa, ƙafa a kumbure, ana tambaya sai a ce ai jiya aka ƙara mata ruwa don ta ji ƙarfi. Ruwa ba ya ba da ƙarfi. Abin da mai iya haɗiya zai samu a leda, zai samu a kofin ruwa da kunu.

Kada ki fahimce ni a karkace, ƙarin ruwa yana ceton rai. Mai kwalara, mai amai da gudawa da ba ya iya riƙe komai a ciki, mai zubar jini, mai ciwon sugan da sugansa ya hau har jiki ya bushe hankali ya fara gushewa, waɗannan in ba a sa musu ruwa da gaggawa ba za a rasa su. Amma tsohuwar da ta tako da ƙafarta zuwa awon wata, tana ci tana sha, a ce duk zuwa sai an rataya mata leda? Ki tambaye su dalili, a rubuta shi a karne, wato littafinta na asibiti.

Sai tayifod ɗin da ba ya ƙarewa. Gwajin da ake yi muku, Widal, tun 1896 aka ƙirƙiro shi. Ba ƙwayar cutar yake gani ba, alamar da jiki ya taɓa haɗuwa da ita ko da danginta yake gani. A gari irin Garwa ko Marwa ko Kusuri, inda kusan kowa ya sha ruwan da ba shi da tsabta tun yarinta, in kika tara masu lafiya garau a kasuwa aka yi musu Widal, da yawansu takarda za ta ce suna da shi. Zazzaɓin cizon sauro ma yana iya sa ya nuna. Gwajin da ke tabbatar da tayifod shi ne a shuka jinin a ga ƙwayar ta tsiro, yana ɗaukar kwanaki, kuma ba kowane labo ke iya shi ba. Widal kuwa araha ne ga mai labo, cikin mintoci an gama, kuma yana buɗe ƙofar allurar seftiriyazon ta kwana da kwanaki. Mutum ba zazzaɓi, ba ciwon ciki, a ce masa tayifod sau huɗu a shekara. Wane irin tayifod ne wannan?

Ba kuɗin kaɗai ake asara ba. Sifurofulozasin da ake yawan bayarwa don tayifod yana iya hargitsa sugan mai ciwon suga, ya hau ko ya faɗi. Allurar dikulofenak da ake dannawa duk wanda ya ce gwiwa na ciwo tana ɗaga jini tana cin ƙoda, ƙodar da suga da hawan jini suka riga suka sa a gaba. Dekzametazon da ake zubawa cikin leda don mutum ya ji wasai ya ce wannan likita akwai hannu, shi kuma suga yake harbawa sama. Sati na zagayowa a auna a ga suga ya hau, jini ya hau, a sake kwantarwa. Ke kina ganin ciwon ne ke ƙaruwa, kina ƙara godiya da Allah ya haɗa ku da masu kula. Ban ce lalle haka ake yi wa Inna ba, ban ga karnenta ba. Amma ki buɗe shi yau ki nemi sunayen nan.

Abin da ke ƙara ba ni haushi, ko da kilinik biyun ba su haɗe ba, gasa kaɗai ba za ta raba ku da wannan ba. Ingila ta gwada abin nan ta fuska biyu. A shekarun 1990 an bar asibitocin gwamnati su yi gasa a kan farashi. Jiran layi ya ragu, don shi ake gani ake ƙirgawa, amma mutuwar masu bugun zuciya ta ƙaru a inda gasar ta fi zafi, don ita ba wanda ke dubawa. A 2006 suka sake salo: gwamnati ta yanke farashi ɗaya ga kowane irin aiki, aka ce marar lafiya ya zaɓi inda yake so. Tunda ba halin ƙara kuɗi ko ragewa, sai asibitoci suka koma gasar iya aiki, mutuwar bugun zuciya ta fi raguwa a inda asibitoci suka fi yawa. Asibiti yana gasa ne a kan abin da mai zuwa yake dubawa. In tayil da leda muke dubawa, tayil da leda za a ba mu. Shi ya sa a unguwannin da kilinik suka yi yawa, har da na bayan gida da wani tsohon ma'aikacin jinya ya buɗe ba takarda, ba ka ganin allura ta ragu, sai dai ta ƙaru.

Mu ma mun ga amfanin yanke farashi a nan arewa. Shek Sante da aka fara a 2015 a jihohin Adamawa da Arewa da Arewa Mai Nisa, mai ciki tana biyan sefa 6,000 sau ɗaya, ya ɗauke awo da eko, wato hoton ciki, da haihuwa, har tiyata in ta kama, da kulawar kwana 42 bayan haihuwa. Da aka ƙaddamar da shirin lafiya na bai ɗaya a Afrilun 2023, wankin ƙoda ya koma sefa 15,000 a shekara, abin da da can ake biyan 5,000 kowane zama. Ciwon shirin shi ne takardu: asibiti ya yi aiki, ya cika fom ya aika, ya zauna jiran a biya shi wata da watanni, kafin nan farmasinsa ya bushe. Kuma abin takaici, maganin suga da na hawan jini da zai hana mutum kaiwa ga wankin ƙodar, shi har yanzu daga aljihunki ne.

Game da wa ya mallaki asibiti, kada ki ɗauka sunan da ke kan allo ya gama magana. Na gwamnati farashinsa a rubuce yake, kuma magungunan da ke zuwa ta CENAME, babbar ma'ajiyar magunguna ta ƙasa, da asusun lafiya na jiha su ne mafi araha da za ki samu masu inganci. Amma tun bayan tsarin Bamako na 1987 asibitin gwamnati ma da kuɗin marasa lafiya yake tafiya, ma'aikata na da kasonsu a abin da ya shigo. Ga layi, ga "babu" a farmasi, ga wanda zai ja ki gefe ya ce ki same shi da yamma a wani wuri, ko ya zaro magani daga aljihun riga. Duk kuɗin da za ki biya a can ki biya a kes ki karɓi rasit. Na mishan da na ƙungiyoyi, irin asibitin Furotesta na Ngaundare, da na Meskin kusa da Marwa, da na Tokombere da Pette, sun yi suna a wajen talakawa, Musulmi da Kirista, kuma galibi ba a cika tsawaita odonas a irinsu ba. Su ma dai albashi suke biya, ba kyauta ba ne. Kuma "ba don riba ba" ba ya hana tsada in wuri ya zama shi kaɗai: rukunin asibitocin Sutter Health a Kaliforniya ta Amurka ba na riba ba ne a takarda, amma a 2019 ya amince ya biya dala miliyan 575 don kashe ƙarar da aka kai shi kan amfani da girmansa wajen ɗaga farashi, ko da yake bai amsa laifi ba. A cikin na kuɗi kuma akwai likitoci masu tsoron Allah da na sani, waɗanda za su ce miki wannan gwajin ba ya da amfani, ki riƙe kuɗinki. Bambancin da na fi gani yana tsakanin kilinik da likita ke riƙe da shi da sunansa da lambarsa ta ƙungiyar likitoci, da wanda ɗan kasuwa ya zuba jari yana jiran ya dawo kafin shekara.

Abin da Inna ke buƙata ba shi da yawa. Likita ɗaya da zai riƙa ganinta, ya san ta. Ƙwayoyin da take sha kullum, kuma irin su metfomin na suga da amlodifin na hawan jini, na jenerik, wato masu araha da ba su ɗauke da sunan babban kamfani, aikinsu ɗaya da masu kwali mai ƙyalli, muddin daga farmasi na gaskiya suka fito ba daga tiren mai yawo a rana ba. Awon jini da na suga a kai a kai, wanda in kin sayi na'urorin za ki iya yi a gida ki rubuta a littafi. Gwajin HbA1c, mai nuna yadda suga ya kasance a watannin baya, bayan wata 3 zuwa 6. Gwajin ƙoda da fitsari, da duba ido, aƙalla sau ɗaya a shekara. Ƙafa kuwa a duba ta duk zuwa, ke ma ki riƙa dubawa, don gyambon da ba ta ji zafinsa ba shi ke kai mutum ga yanka. Duk gwajin da aka rubuta bayan waɗannan, ki yi tambaya cikin ladabi: Likita, in sakamakon ya fito kaza me za a canza? In ba abin da za a canza, ba ki da dalilin biya. Odonas kuma taki ce, kina da ikon fita da ita ki saya inda kika ga dama.

Ki kai ta asibitin gundumarku ko babban asibitin jiha, ko na mishan in akwai kusa, ki nemi likitan da ke ganin masu suga da hawan jini ya sake duba magungunanta daga farko. Ki tafi da Yaya, ya ji da kunnensa, tunda shi ma tsoron rasa ta ne ke sa shi faɗin abin da yake faɗa. In ya ga dama ya riƙe rasit na wata uku a can da na wata uku a nan, a haɗa da lambobin jini da na suga da kika rubuta, a ga inda suka fi sauka.

Amma in kika ga baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, ko ciwon ƙirji, ko numfashi na yankewa, ko ta rikice tana zufa, wannan ba lokacin kwatanta farashi ba ne, ku nufi asibiti mafi kusa da ke da likita a tsaye. Kuma kada canjin wuri ya sa ta yi ko kwana ɗaya ba ta sha maganinta ba. Kafin ku bar kilinik ɗin ki karɓi karnenta da duk sakamakon gwaje-gwajen da aka yi mata, kun biya, naku ne. In aka ce sai mai wurin ya dawo daga tafiya, ki ce a buɗe miki ki ɗauki hotonsu da waya shafi bayan shafi.